Dakta Gashi da Shari'ar Man Zaki

A shagon askin babanta ta fara aikin, tun ba ta san akwai aiki irinsa a duniya ba. Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da kujeru biyu masu juyawa, ɗayar ta daina juyin tun kafin a haife ta, sai wani dogon madubi mai tsaga a tsakiya wanda yake raba fuskar mutum gida biyu. Ita ce 'yar fari, ƙannenta maza kuma ba su zo da wuri ba, don haka in ta taso daga makaranta Baba yakan miƙa mata tsintsiya ya ce, "Uwata, a taimaka wa tsoho."

Sauran yara murfin kwalba suke tarawa, ita kuwa gashi. Kafin ta kwashe shara sai ta tsinci sili biyu ko uku, ta manna su da salatif a wani tsohon littafin rubutu, ta rubuta mai shi a ƙasa: direban bas, malamin tarihi, mai gyaran rediyo. Da na mutane ya ishe ta, sai ta koma kan kyanwar maƙwabta da akuyar mai wanki da wani jaki da yakan tsaya a bayan shagon. Tana da gilashin wani karyayyen tabarau, da shi take duba su a hasken taga, har ta gane cewa gashin kyanwa da na akuya ba su haɗa komai ba sai suna.

Ranar da Mama ta ga littafin a ƙarƙashin matashin kai, ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba ta nufi shago da shi.

"Malam, duba abin da 'yarka take yi. Gashin mutane! Da sunayensu! Wannan in ba asiri ba mene ne?"

Baba ya ajiye almakashi ya karɓa, yana buɗawa shafi-shafi. Ya tsaya a wani wuri, ya kai littafin kusa da ido.

"Uwata, nan kin yi kuskure. Wannan ba na direba ba ne. Direba ba shi da furfura."

"Nasa ne, Baba. Duba gindin, fari ne. Saman ne baƙi. Rini yake yi."

Baba ya yi maza ya rufe littafin, don direban yana zaune a kan benci yana jiran layi, kuma Baba ne da kansa yake yi masa rinin a ɓoye kafin a buɗe shago. Direban bai ƙara leƙowa ba sai bayan wata uku. Baba bai doke ta ba. Ya dai ce wa Mama, "Yarinyar nan ko dai ta zama wani abu, ko ta sa a kore mu daga unguwar nan."

Mama ta riga ta yanke cewa likita za ta zama. Yarinyar kuwa da ta shiga jami'a sai ta ɗauki ilimin halittu, Mama ta zaci hanya ce ta zuwa likitanci mai ɗan zagaye. A shekararta ta uku wata baƙuwar malama ta zo ta yi musu lacca. Ta ɗaga wani guntun hauren giwa da bai kai farce ba, ta ce a cikinsa akwai rubutun da kowace halitta take ɗauke da shi a ƙwayoyin jikinta, wanda ake kira DNA. Wanda ya iya karanta shi zai faɗi wace dabba ce, mace ce ko namiji, har ma daga wane daji aka kashe ta. Ɗan fasa-ƙwauri zai iya rantsewa cewa ƙashin saniya ne, amma hauren da kansa zai ƙaryata shi a gaban alƙali. Sauran ɗalibai suna ta hamma. Ita kuwa har ta manta akwai biro a hannunta. Daga ranar ba ta ƙara sha'awar wani aiki ba.

Ta yi digiri na biyu, ta samu tallafi ta tafi ƙasar waje ta yi na uku, ta shekara huɗu tana goge ƙasusuwa da niƙa farata. Da ta dawo, kafin ta kwance jaka Mama ta gama shelar cewa 'yarta ta zama Dakta. Washegari da hantsi ta fito falo ta tarar da mutum tara a zaune. Wata gwaggonta ba ta ko jira an gama gaisuwa ba ta miƙo kumburarriyar ƙafa.

"Gwaggo, ni fa ba irin wannan daktar ba ce."

"To wace iri ce?"

"Ta namun daji."

"Ai ba komai, ƙafa ƙafa ce. Duba mini."

Da baƙi suka watse, Mama ta zaunar da ita.

"Ke, gaya mini tsakani da Allah. Namun dajin nan da kike dubawa, suna warkewa?"

"Mama, kafin su iso wurina sun riga sun mutu."

Mama ta tafa hannu. "Shekara goma sha ɗaya kina karatu, kuma ko majinyaci ɗaya ba ki taɓa tayarwa ba." Ta miƙe ta shige kicin. Daga nan in maƙwabta sun tambaya, sai ta ce 'yarta aikin sirri take yi wa gwamnati, ba a faɗa.

Jami'ar da ta ɗauke ta aiki ma ba ta san inda za ta ajiye ta ba. Sashen halittu ya ce aikinta na kotu ne, a kai ta sashen shari'a. Sashen shari'a ya ce su ba sa ajiye mushe. Likitocin dabbobi suka ce su masu numfashi suke dubawa. Takardarta ta yi wata biyar tana yawo daga tebur zuwa tebur, ƙarshe ta dawo inda ta faro. Shugaban Sashe, wani farfesa mai son a gaishe shi da muƙamansa duka a jere, ya ba ta tsohon sito da ke ƙarƙashin matakala. Duk wanda ya hau bene sai ƙura ta zubo mata a tebur, ga shi aikin nata sili ɗaya na gashin wani zai iya ɓata wahalar wata guda. Da hannunta ta liƙe rufin da leda, ta yi fenti, ta rubuta wasiƙu sun fi ɗari kafin wata ƙungiya ta aiko mata da na'urar gwaji da firiza biyu, babba ta kayan shaida mai makulli, da ƙarama ta kayan koyarwa.

Ƙaramar ce ta zama abin magana. Ita kaɗai ce mai sanyi a duk ginin da hannu zai iya kaiwa, don haka malamai suka fara cusa lemonsu da ruwansu a ciki in ta shiga aji. Ta yi magana, ta liƙa sanarwa, duk a banza. Wata rana malamin tsirrai ya zura hannu neman kwalbarsa ya damƙo ƙafar damisa da faratanta. An ji ihunsa har hawa na uku. Tun daga nan ko kusa da ƙofarta ba wanda yake bi da ƙishirwa. Ɗalibai kuma suka laƙaba mata Dakta Gashi, saboda darasinta na farko kowace shekara shi ne ta raba musu sili ɗai-ɗai ta ce kowa ya nemo mata mai shi.

Aikin ba duka ne abin dariya ba. Jami'an kwastan da masu gadin gandun daji sukan kawo mata kaya a buhu: jakunkunan fata, ƙahoni, busasshen nama, gashin tsuntsaye. Sai ta sa farar riga da safar hannu da takunkumi, ta yanki ɗan ƙanƙani, ta niƙa, ta zuba ruwan magani, ta jira na'ura kwana biyu ko uku. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ta sake daga farko. Akwai ranar da aka kawo mata fatun damisa goma sha bakwai da aka zaƙulo daga ƙarƙashin kujerun wata babbar mota. Gwaji ya nuna biyu daga ciki uwa ce da ɗanta. Ta cire safar hannu ta fita ta zauna a kan matakala, masu hawa da sauka suna wuce ta. Rahotonta ya sa aka ɗaure mutum uku. Amma da ta kai takardun neman ƙarin girma, kwamiti ya ce rahoton kotu ba muƙala ba ce, ta je ta rubuto abin da za a buga a mujalla. Haka ta shekara takwas a matsayi ɗaya. Mijinta malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai haƙuri, sharaɗinsa ɗaya tak a gidan shi ne kada a ambaci abin da ke cikin firiza ana cin abinci. Yakan ce mata, "Ki ƙyale su. Wata rana da kansu za su neme ki."

Wanda ya jawo aka neme ta ɗin wani mai magani ne da duk gari ya sani da Mai Zaki. Ƙato ne mai murya kamar ganga, yana yawo da tsohuwar farar mota mai lasifika a ka, a jikinta an zana zaki ya wage baki. Shekara ashirin yana sayar da man zaki a ƙananan kwalabe, na ciwon gwiwa, na ciwon baya, na tsoro, har da na mai son maganarsa ta yi kwarjini a taro. Yana rataye da sarƙar faratan zaki, ga geza a kafaɗa, ga wani tabo a ƙwauri da yake nuna wa jama'a ya ce nan ne zaki na bakwai ya cafke shi. Wata sabuwar shugabar hukumar kare namun daji ta ji shi a lasifika yana cewa zaki arba'in ya kashe da hannunsa. Ta ce to tunda da bakinsa ya faɗa, a kamo shi. Aka kama shi da kwalba ɗari biyu da sarƙar da gezar, aka tattaro aka kawo wa Dakta Gashi.

Hankalinta ya tashi. Zaki arba'in ba wasa ba ne; in gaskiya ne, mutum ɗaya ya share daji guda ke nan. Ta ture komai gefe ta duƙufa.

Gezar ba ta ci mata minti ɗaya ba. Tana taɓawa ta san ba ta taɓa tsirowa a jikin mai rai ba, gashin roba ne irin na kanti da mata suke ƙari da shi, an rina shi ja-ja. Faratan kuwa ƙahon saniya ne aka sassaƙa aka goge, har ta yaba wa wanda ya yi aikin a zuciyarta. Man ne ya ba ta wahala, don kitsen da ya sha wuta ba ya barin abin karantawa sai ɗan kaɗan. Mako shida tana fama, sai da ta ƙirƙiro wata dabara tata ta tace ɗan abin da yake kwantawa a gindin kwalba. Sakamako ya fito: saniya. Ta sake: saniya. Ta zaɓi kwalba sittin daga kwalaye daban-daban. Hamsin da takwas saniya, biyu saniya da tunkiya. Ta jingina da kujera ta yi ta dariya har masinja ya leƙo ya ga ko lafiya. Ashe ko zaki ɗaya ba a taɓa ba.

Ranar Asabar da la'asar ta je gaida iyayenta. Baba ya daina aski, ƙannenta ke riƙe da shagon. Tun daga ƙofar falo wani wari ya tare ta, warin da ya yi mako shida a hancinta. Baba yana zaune ya naɗe wando, yana murza gwiwa, ga ƙaramar kwalba mai jan murfi a gefensa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Magani ne, Uwata. Zauna, dama ina nemanki. An ce kayan bawan Allahn nan suna hannunki."

"Tun yaushe kake shafawa?"

"Shekara tara. Ba don shi ba da tuni kuna tura ni a keke. Ki yi masa sassauci. Zakin dai ya riga ya mutu, gwiwata kuwa tana nan da ranta."

Ba ta da izinin faɗin sakamako kafin ranar kotu, ko ga mahaifinta. Ta ce, "Me ya sa ba ka gaya mini gwiwarka tana ciwo ba?"

Mama ta amsa daga kicin. "Ya gaya wa wa? Ke da sai abu ya mutu kike dubawa?"

Dakta ta haɗiye wannan. Ta matso kusa da Baba ta ce, "In kuma ya zamana ba zaki ba ne fa?"

Baba ya dube ta da tausayi. "Uwata, karatu ya yi miki yawa. In na shafa man nan, har wani gurnani nake ji a cikin ƙashina."

Ta ɗauki ruwan da aka ajiye mata ta shanye, ta canja magana.

Ranar shari'a kotu ta cika har bakin taga. Rabin mutanen tsofaffi ne masu dogara sanda, ɗakin kuma duk ya ɗauki warin nan da ta sani. Baba yana layi na biyu. Abin da ya ɗaure mata kai, can baya ta hango Shugaban Sashe da baƙin tabarau, yana kare fuska da jarida.

Lauyan Mai Zaki wani siririn mutum ne da tun da aka fara shari'ar ya rasa abin cewa, don wanda yake karewa ya ƙi musanta komai. Aka kira Dakta, ta rantse, ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce kowace dabba da irin rubutunta, kamar yadda kowane mutum yake da sa hannunsa, kuma ta karanta na kwalba sittin.

Alƙali, wani dattijo mai tabarau a karan hanci, ya ce, "Zaki nawa kika samu a ciki?"

"Babu ko ɗaya, ranka ya daɗe. Kitsen saniya ne. Biyu an haɗa da na tunkiya."

Lauya ya yi wuf ya miƙe, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. "Ya mai shari'a, ka ji da kunnenka! Wanda nake karewa bai taɓa kashe ko ɗan zaki ba. Ina roƙon kotu ta sallame shi."

"Ƙarya ne!"

Mai Zaki ne ya daka tsawa daga inda aka tsayar da shi. "Wallahi zaki ne! Ranka ya daɗe, kar ka saurari matar nan, na'urarta ce ta lalace!"

"Yi shiru mana," lauya ya ce masa ƙasa-ƙasa. "Fitar da kai nake yi."

"Fitar da ni zuwa ina? Ka ga mutanen da ke bayanka?"

Lauya ya waiwaya. Tsofaffin sun fara gyara riƙon sandunansu.

Mai Zaki ya ɗaga hannu biyu. "Ranka ya daɗe, na amsa laifina. Arba'in na kashe. A rubuta arba'in da ɗaya ma, akwai wani ƙarami da na manta. A ɗaure ni."

"Ka san shekara nawa ake ɗaure wanda ya yi wannan ɓarna?"

"Ko nawa ne zan yi. In na fito, na fito da sunana." Ya janye ƙafar wando ya ɗora ƙafa a kan katako. "Ga shaida! Wannan tabon saniya ce ta yi mini shi?"

Wata tsohuwa ta miƙe daga baya, yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. "Salansar babur ce ta ƙone shi! Ina wurin, ni na shafa masa man goge baki!"

Sai da alƙali ya buga tebur sau biyar kafin aka yi shiru. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya kashe murya ya ce, "Dakta, don cikar bayani kawai. Masu koren murfin nan, na musamman ɗin, su ma kin gwada?"

Tun da aka fara zama babu wanda ya ambaci cewa akwai na musamman.

"Na gwada, ranka ya daɗe. Su ne masu tunkiyar."

Alƙali ya daɗe yana rubutu. An ga ya kai hannu ya dafa ƙugunsa, sannan ya ɗage zama na rabin sa'a.

Da aka dawo, aka wanke Mai Zaki daga laifin kashe namun daji, yana hawaye yana cewa an zalunce shi. Aka same shi da laifin yaudara, aka yanke masa sharar harabar asibiti ta wata uku, aka kuma hana shi rubuta sunan zaki ko zana shi a jikin kwalba ko mota. 'Yan sanda suka fitar da shi ta ƙofar baya saboda masu sanduna.

A bakin ƙofar gaba Dakta ta iske Baba yana ɗingishi. Ta kai hannu za ta riƙe shi, ya janye.

"Da ƙafata na shigo kotun nan garau. Dubi yadda kika sa na fito."

Mako biyu ko gaisuwarta ba ya amsawa sai da ka. Daga baya ya yarda ta kai shi asibiti. Likitan ƙashi ya duba gwiwar, ya ce murzar da ya shekara tara yana yi safe da yamma ita ce ta taimake shi, ya ci gaba, ko da wane irin mai ne. Baba ya juyo ya dubi 'yarsa. "Kin ji ko? Mutumin ya ce kar in daina."

Dabarar da ta ƙirƙiro ta karanta kitsen da ya sha wuta, ita ta rubuta ta aika wa mujalla. Aka buga, ɗakunan gwaji na ƙasashe da dama suka rubuto suna neman ƙarin bayani, kwamitin nan kuma ya tuna da ita. Ranar da ta je karɓar takardar ƙarin girma, Shugaban Sashe ya sa hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

"Dakta, ranar nan na je kotu ne don in mara miki baya a madadin sashe."

"Na gode, Farfesa. Yaya bayan naka?"

"Da sauƙi," ya ce, kafin ya ankara.

Bayan wata huɗu, tana kan hanyar zuwa aiki da safe, ta ji wata murya da ta sani tana tashi daga lasifika a bakin kasuwa. "Man da jami'a ta gwada! Dakta Gashi da kanta ta yi mako shida tana bincike, ta rantse a gaban alƙali, tsantsar saniya, babu algus!" Ta taka birki har na bayanta ya zage ta. Farar motar ce. Mai fenti bai wahalar da kansa ba, ƙaho biyu kawai ya ƙara wa zakin ya ɗiga masa baƙaƙen tabo. Layin masu saye ya fi na da tsawo.

Mai Zaki yana ganinta ya kashe lasifika ya rusuna. "Ranki ya daɗe, uwar ɗakina!"

"Ka cire sunana daga bakinka."

"To a ciki wacce ce ƙarya?"

Ta bi maganar tasa kalma-kalma. Ta sake dubawa a zuci, ba ta samu ba. "Biyu da tunkiya a ciki," ta ce daga ƙarshe.

"Na daina sa tunkiya."

Ta ce ko ya cire ko su koma gaban alƙalin nan mai ciwon ƙugu. Nan take ya yarda. Ta juya za ta tafi, sai ya biyo ta har bakin mota, ya rage murya, abin da ba ta zaci zai iya ba.

"Dakta, ni maƙaryaci ne, na yarda. Amma ko ƙadangare ban taɓa kashewa ba. Jini ma in na gani jiri nake ji. Akwai waɗanda nasu ba ƙarya ba ne. Tun da aka tona ni suke yi mini dariya, in na wuce su yi kukan saniya. Kin san layin masu katako? Akwai wani sito mai shuɗiyar ƙofa a ƙarshensa. Ki ce a leƙa ranar da motar kaya ta iso."

Ta kai maganar ga shugabar hukuma. Aka yi kwanto, aka leƙa. An samu hauren giwa a cikin gumaguman da aka rarake, da fatu buhu-buhu, da aku sittin da biyu masu rai a cunkushe cikin kwanduna. Wannan ne aiki mafi girma da ta taɓa yi. Shekara biyu tana kansa da ɗalibanta, kuma a kansa aka mayar da ita wani ɗaki mai tagogi a hawa na biyu.

Akun ne suka fara samun mafita. Daga gashinsu ta gano dajin da aka kamo su, hukuma ta ce za a mayar da su can, kuma ya kamata Dakta ta je ta gani da idonta. Sai a cikin mota ta faɗa wa shugabar hukuma gaskiya: duk shekarun da ta yi tana aikin namun daji, ba ta taɓa shiga daji ba. Ta zo da takalmin ofis da jakar hannu. Kafin su yi tafiyar rabin sa'a a ƙasa, taɓo ya ƙwace mata takalmi ɗaya, tururuwa sun hau ta har wuya, ta kuma yi ihu a kan wata igiya da ta zaci maciji ce. Masu gadin daji suna ta kawar da kai don kar ta ga suna dariya.

Aka jera kejin a wani fili, aka buɗe. Da farko ba wanda ya motsa. Can ɗaya ya leƙo, ya taka bakin keji, ya tashi, sauran suka bi shi gaba ɗaya da wata irin hayaniya da ta cika dajin. Wani daga cikinsu, wanda ya daɗe a siton har ya koyi maganar mai gadin wurin, ya sauka a kan reshe ya ƙwala musu tsawa da muryar ƙato: "Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?"

Dakta ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, tana dariya tana share ido da bakin mayafi, har na ƙarshensu ya ɓace a cikin ganye. Sannan ta tambayi masu gadin ko akwai wata hanyar komawa mota wadda ba ta bi ta wurin tururuwan nan ba. Suka ce babu.